Ishaƙ Mai Ƙugi da Inuwar Barau

Ishaƙ yana yaro aka shimfiɗa dogo ta Gagarawa Tasha, kuma gidansu na kusa da shi ƙwarai, har in jirgi ya wuce sai ƙoren da aka kife kan danga su yi ta rawa. Ubansa maƙerin fari ne, mai yanka garwar kananzir ya mai da ita fitila da mazurari da moɗa. Sana'ar nan ya gada, amma ba ita ta sa aka san shi ba. Kunne Allah ya ba shi, da maƙogwaro. In ya ji ƙarar abu sau ɗaya, ta zauna masa ke nan. Yakan laɓe bayan rumbu ya yi kukan jirgi, sai ka ga masu tallar fura da dafaffen ƙwai sun kwasa a guje zuwa bakin dogo, su tarar ba kowa sai rana. Ya sha zagi, ya sha rankwashi, bai bari ba har ya yi gemu, ya auri Hasanatu, suka haifi 'ya guda, Sadiya.

A tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin motar majigi ta fara zaga ƙasar Gumel. Wani Rabe ne direbanta, shi ne kuma mai kunna injin. Abin da aka ba shi ya nuna wa talakawa fina-finan wa'azi ne: yadda ake shuka gyaɗa a layi, yadda ake haƙa masai, yadda ake rufe abinci don ƙuda. Wa zai bar tabarmarsa don ya ga ana haƙa masai? Shi ya sa aka haɗa masa da wani guntun tsohon fim na tseren motoci a ƙasar Turawa, don ya jawo jama'a. Fim ɗin ba shi da murya ko kaɗan. Motoci ne kawai suke sulalewa a kan farin ƙyalle shiru, kamar kifi a ruwa.

Ranar da aka nuna shi a Gagarawa, Ishaƙ na tsugune cikin taro. Tsokana ce ta motsa masa, ya fara ƙugi a ƙasan maƙoshi, yana ɗaga shi yana saukewa daidai da gudun motar. Waɗanda ke gabansa suka dare, don sun ɗauka wata mota ce ta biyo ta bayansu. Rabe ya haska shi da tocila.

"Kai, wane ne wannan mai injin a ciki?"

Wani ya ce, "Ishaƙ ne, maƙeri. Haka yake tun yana yaro, ba ya jin magana."

"To, ya taso nan. Malam, in na ba ka abin magana, za ka iya yi har ƙarshe ba ka shiɗe ba?"

"In dai ba za a ce in biya kuɗin mai ba," in ji Ishaƙ.

Daga ranar ya zama Ishaƙ Mai Ƙugi, yana bin mota daga gari zuwa gari.

Bai ɗauki abin wasa ba. Ya haɗa kayan aiki cikin wani buhu. Akwai garwa da ya zuba wa tsakuwa 'yan sumul-sumul da ya tsinto a gefen dogo. In ya jujjuya ta a bakin lasifika sai ka ce tayoyi ne a kan burji. Akwai gora mai huda wadda yake ƙugi a cikinta don muryar injin ta yi kauri. In mota za ta sha kwana sai ya ja ƙusa a bayan tasa, haƙoran mutane su mutu. Ga zugazugin ubansa don iska. Ga busasshen ganyen dawa da yake murzawa a tafin hannu, shi ne cin wuta.

Fim ɗin kuwa ya sha hannu, kullum sai ya tsinke. Rabe ya yanke da reza, ya kankare, ya liƙa da gam. Da suka ga yankan ba ya kashe fim, sai suka fara yi da gangan. Suka zubar da wuraren da Turawa ke tsaye suna gaisawa. Akwai inda wata mota ta kauce hanya, ta wuntsila, ta kama da wuta. A tsakiya yake, Ishaƙ ya ce a mai da shi ƙarshe.

"Ba a ba mutum nama sannan a ce ya dawo ya sha ruwan miya," ya ce.

Rabe ya ciro fuskar wata Baturiya daga fim ɗin ƙuda, wadda ta ɗora hannu a ka don ta ga ƙuda a madararta, ya liƙa ta bayan haɗarin. Shi ke nan ta zama matar direba, mata su yi ta cewa wayyo baiwar Allah. Ishaƙ kuma ya zo da wani guntun jan gilashi na fasasshiyar fitilar tasha. In wutar ta tashi sai Rabe ya kara shi a bakin hasken, ƙyallen duka ya rine ja kamar jini. Amma abin da Ishaƙ ya fi taƙama da shi shi ne shirun. Dab da motar za ta wuntsila sai ya ɗauke komai, tsit, gwargwadon numfashi ɗaya. Sannan ya yar da buhun fasassun ƙore da ƙarafa a ƙasa, ya kurma wata irin kuwwa daga can cikin cikinsa, kuwwar mutumin da ke ƙonewa. Ko Rabe da ya saba, sai tsigar jikinsa ta tashi.

Ana nan, cikin bazarar wata shekara, suka sauka a wani ƙauye a ƙasar Sule Tankarkar, gaba da Ɗanzomo kaɗan. Ba sai an kama sunan ƙauyen ba, jikokinsu na nan da ransu kuma sun san kansu. Lokacin an riga an yi maganar auren Sadiya da ɗan wani mai awon gyaɗa a Gagarawa, an sa rana bayan kaka. Ishaƙ bai da zance sai wannan. Har tasoshin aurenta ya fara ƙera mata.

Aka yi sallar isha, aka ɗaure ƙyalle a jikin wata tsamiya, injin wuta ya tashi. Gari ya fito kaf. Motoci suka fara gudu, Ishaƙ na durƙushe bayan mota da kayansa, gumi na zuba. Aka zo wurin shirun. Ya ɗauke komai.

A cikin wannan shirun ne wani ƙaton manomi mai suna Barau, wanda ya makara a gona wajen sassabe, ya ratso ta gaban injin yana neman wurin zama. Bai san ba a bi ta nan ba. Inuwarsa ta faɗa kan ƙyallen, baƙa wuluk, kansa da wuyansa da gatarin da ke kafaɗarsa, duk wanda ke wurin ya gane shi. Rabe, hannunsa ya riga ya tafi, ya kara jan gilashi. Ishaƙ da ba ya ganin komai sai gefen ƙyalle ya yar da buhu, ya kurma kuwwa.

Abin da mutanen garin suka gani shi ne Barau a tsaye cikin jar wuta yana ihu.

Aka yi salati, yara suka fashe da kuka. Sannan aka ga Barau na tsugune da ransa yana zare ido, sai aka bushe da dariya. Wani ya ce, "Barau an je Turai an dawo ba ko tsaraba!" Shi ma ya yi yaƙe. Amma wani tsoho, ƙanen uwarsa, Kawu Ɗantsoho, bai yi dariya ba. Ya tashi ya zaga bayan mota, ya tsaya yana kallon Ishaƙ yana tattara tsakuwarsa.

Da safe mota ta ƙi tashi. Wani ƙarfe ne ya karye a cikinta, dole Rabe ya hau keken aro ya tafi Gumel nemo wani, ya bar Ishaƙ da gadi. Washegari Barau ya tashi da ciwon kai. Kafin la'asar jikinsa ya yi zafi kamar garwashi, wuyansa ya sanƙare ya karkata baya, haske ma ba ya so. Sanƙarau ne, ciwon da ke bin zafin bazara, kuma ya riga ya kayar da mutane a wasu garuruwan da ko ƙurar majigi ba su taɓa gani ba. Amma wa ya tsaya tuna wannan? Barau na kwance yana kuwwa, kuma duk wanda ya ji kuwwar sai ya ce wallahi irin ta daren nan ce sak.

Ishaƙ ya fara gane akwai magana tun kafin a faɗa masa. Matar da ke aiko masa da tuwo ta daina. Ya je rijiya, mata suka ja gugansu suka matsa, wata ta ruƙo 'yarta ta tura bayan zanenta. Ya yi sallama a masallaci, aka amsa a ciki-ciki, sahu ya bar masa fili hagu da dama. Da ya dawo ya tarar an kwance buhunsa, an zazzage garwar, babu tsakuwa ko ɗaya. Ya zauna a inuwar mota yana kallon hanyar Gumel, ko ƙurar keke babu.

Da hantsi suka zo, maza da sanduna, ba gudu ba hayaniya, wanda ya fi hayaniyar ban tsoro. Suka tasa shi zuwa ƙofar gidan Barau, inda aka shimfiɗa wa mai gari buzu. Kawu Ɗantsoho ya buɗe tafin hannunsa, tsakuwar Ishaƙ na ciki.

"Ranka ya daɗe, ga ƙanƙararsa. Fari da ja da baƙi. Mun ga kurwar yaron nan a kan ƙyalle, ba labari aka ba mu ba. Ya kama ta, ya sa mata wuta, ya yi kuka da muryarta."

Wai ƙanƙarar maita! Tsakuwar bakin dogo da kowane ɗan akuya ke takawa. Wai kurwa! Mutum ya tare haske da ƙaton kansa, me zai fito a ƙyalle in ba inuwa ba? Amma ku je ku faɗa wa mutanen da ɗan'uwansu ke mutuwa a ɗaki.

"Ranka ya daɗe, duwatsu ne," in ji Ishaƙ. Muryar nan tasa mai cika fili ta koma kamar ta sauro. "Ƙarar taya nake yi da su. A kawo garwa in nuna muku."

"Kada a ba shi!" wani ya ce daga baya. "Wani kuma zai kama."

"Kuwwar fa?" in ji Kawu Ɗantsoho. "Ita ma da dutse ka yi ta?"

"Da bakina, Baba. A kowane gari ina yin ta. A Maigatari na yi, a Gumel na yi."

"Kun ji ko? Da bakinsa ya faɗa. Allah kaɗai ya san nawa ya ci a can."

Liman ya gyara murya ya ce, jama'a, zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, ciwo kuma na Allah ne. A hankali ya faɗa, yana kallon carbinsa, ba wanda ya kula shi. Mai gari kuwa abin da ya dame shi kada a zubar da jini a garinsa a kira shi gaban sarki a Gumel.

"Malam Ishaƙ," ya ce, "abin ai mai sauƙi ne. Ka tuɓe riga ka tsallake Barau, kamar yadda aka saba. In ba kai ba ne, me ka rasa?"

Me ya rasa! Ishaƙ ya san abin da zai rasa, kowa a wurin ma ya sani. Ba wanda ke tsallake majinyaci sai maye mai sakin kurwa. In ya tsallaka Barau ya tashi, to, ya tabbata shi ne ya riƙe shi. In ya tsallaka Barau ya mutu, a ce ya riga ya cinye. Kuma maita a wurinsu ba ta tsaya kan mutum ɗaya, jini take bi. Wanda aka kira maye, 'yarsa mayya ce, jikokinsa mayu ne, ba mai cin tuwon gidansu balle ya nemi aure. Fuskar Sadiya ce ta tsaya masa a ido, tana ɗinkin marfin ƙwarya a tsakar gida.

"Ba zan tsallaka ba," ya ce. "Ni ba maye ba ne, ubana ba maye ba ne. Ku tambaya a Tasha."

Sanda ta sauka a gadon bayansa, ya durƙushe. Bai ga mai dukan ba. Ya ji ɗanɗanon ƙasa a bakinsa, ya ji ƙafafu na matsowa, da kunnen nan nasa da ba ya kuskure ya ji wani yana zare wuƙa daga kube a hankali. A ransa ya ce, to, gara su kashe ni da sunana.

Sai ga matar Barau, Rakiyya, ta fito daga zaure ba mayafi, da goyo a baya. Ta ratsa mazan ta zube a gabansa.

"Malam, don Allah don Annabi ka sake mini shi. Ban ce ka yi da gangan ba. Ƙila sha'awa ce ta kama ka, an ce ba ku iya hanawa. 'Ya'yana ƙanana ne, ba mu da kowa sai shi. Ka ɗauki akuyata, ka ɗauki abin da kake so."

"Baiwar Allah, wallahi ba ni da abin da zan saki."

"To, ka tsallaka kawai! Ko ba kai ba ne ka tsallaka, ƙafa ce kawai za ka ɗaga!"

Ta miƙa hannu za ta kama ƙafarsa, sai ta ga inuwarta ta haɗu da tasa a ƙasa. Ta yi zumbur ta ja baya da rarrafe, tana kare goyonta. Daga cikin ɗaki Barau ya sake kurma kuwwa, doguwa, har ta sarƙe.

Sandar ba ta karya Ishaƙ ba, wuƙar ma ba ta karya shi ba. Wannan rarrafen ne. Ya gane cewa ko ya tsallaka ko bai tsallaka ba, sunan ya riga ya hau kansa, saura kawai ko matar nan za ta kwana da ɗan sa rai ko babu. Ko kuwa tsoro ne ya ci ƙarfinsa ya fake da tausayi, shi kansa bai taɓa iya rabewa ba. Ya miƙe, ya tuɓe rigarsa.

Aka fito da Barau a kan tabarma aka shimfiɗe a rana, idanunsa a juye. Gari ya yi tsit, irin shirun nan da Ishaƙ ya ƙware a kansa. Ya ɗaga ƙafa ya tsallake shi. Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa, aka kwaɓe ta.

Barau bai mutu ba. Da ya mutu ma ƙila da an manta wata rana. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, wuyan ya saki, ya nemi kunu. Sai dai ya tashi ba ya ji, ko tsawa aka yi a kansa. Haka sanƙarau ke yi wa wasu, kowace unguwarzoma ta sani. Amma abin da aka ce shi ne: mai ƙugi ya mai da kurwa, ya riƙe kunnuwa, don da su yake aiki.

Da Rabe ya dawo ya ji labari, ya yi ta zage-zage, ya ce zai kai ƙara. Bai kai ko'ina ba. Ya sauke Ishaƙ a Gagarawa Tasha, ya ce a ɗan huta tukuna har ƙura ta lafa, bai sake dawowa ɗaukarsa ba. An ce ya ci gaba da nuna tseren shiru, ya kuma yanke wurin wutar ya jefar.

Labari ya riga Ishaƙ isa gida. Mutanen da suka san shi tun yana tsokanar masu talla, su ne suka ce dama sun daɗe suna mamakin mutum mai muryoyi da yawa haka. Dangin mai awon gyaɗa suka aiko wata tsohuwa, ta tsaya daga bakin ƙofa, ko ruwa ta ƙi sha, ta ce an duba an ga taurarin yaran ba su haɗu ba. Sadiya ba ta yi kuka a gabansa ba. Tasoshin da ya ƙera mata ta jera a bayan ɗaki ta rufe da tabarma.

Suka tashi suka koma Maigatari, bakin iyaka, inda baƙi ke da yawa. Sadiya ta daɗe a gida kafin wani bafatake ya aure ta ya tafi da ita can cikin Damagaram, inda sunan bai kai ba. Ishaƙ bai taɓa zuwa ganinta ba, ko da ta haihu, don kada wani ya gane shi a hanya ya kai mata abin da ta tsere wa. A kasuwa yake zama, can ƙarshen layin 'yan gishiri, yana liƙin fitilu. Bai ƙara kwaikwayon ko kukan kaza ba. In zai ratsa mutane sai ya riƙa kallon ƙasa yana kauce wa inuwarsu, kamar mai tafiya cikin ƙaya.

Da kakar farko ta yi bayan komawarsu Maigatari, ran wata kasuwa, ya ɗaga kai ya ga Barau tsaye a gabansa da jaki da damin gero. Ya rame, amma shi ne. Ya sauke damin, ya durƙusa nesa kaɗan. Ishaƙ ya ɗauka godiya ce ko neman gafara, har zuciyarsa ta yi sanyi. Ya ce, "Haba Barau, ɗauki abinka, 'ya'yanka sun fi ni bukata." Ya tura damin baya.

Barau bai ji ko kalma ba, turawar kawai ya gani. Ya nuna kunnuwansa, ya buɗe hannu alamar ya yafe su. Sannan ya rufe idanunsa biyu da tafukansa, yana girgiza kai, yana wani gurnani mai ban tausayi. Roƙo yake a bar masa idanu.

Ishaƙ ya tashi tsaye, ya manta da kasuwa, ya buɗe maƙogwaron nan da ya daɗe a rufe. "Ban ɗauki komai naka ba! Barau! Duwatsu ne! Inuwa ce!" 'Yan gishiri suka toshe kunne, raƙuma suka zabura. Barau na durƙushe yana kallon bakinsa na motsi, yana ƙara tsorata.

Ishaƙ ya koma ya zauna. Ya jawo damin gabansa, ya ɗaga masa kai alamar ya karɓa. Nan take fuskar Barau ta washe, ya ja jakinsa da baya da baya har ya ɓace cikin taro.

Haka ya riƙa kawowa kowace kaka, Ishaƙ na karɓa. Hasanatu ta rantse ba za ta sa geron nan a turminta ba, sai dai a watsa wa kaji. Ta riƙe rantsuwarta shekaru, har shekarar da ruwa ya ɗauke da wuri, rumbunsu ya ƙare tun kafin bazara. Ranar ta sussuka shi, ta daka, ta tuƙa, suka ci ba wanda ya dubi wani.